Fiyanon batir, ƙwarya ko kacau-kacau: wanne za a ba ɗan shekara biyu?

Ƙanwata ce ta turo min saƙon murya ran nan da daddare, wai 'yarta mai wata 20 ta hana gidan sakat da kiɗa, duk abin da hannunta ya kai sai ta buga, murfin tukunya ne, bokiti ne, ƙofar firij ce, kuma da zarar wayar wani ta yi ƙara sai ta miƙe ta kama ƙugu tana girgiza jiki. Abbanta ya ga wani fiyano na roba mai batir a shago, irin mai fitilu ja da kore ɗin nan, yana so ya saya mata, ita kuma Hajiya surukarta ta ce wannan ai zubar da kuɗi ne, a ba yarinya ƙwarya da ludayi kawai kamar yadda aka yi wa kowa. Shi ne take tambayata, Yaya don Allah maganar wa zan ɗauka?

Na daɗe ina koyarwa a ajin raino, 'yan shekara 2 zuwa 4, ga nawa guda uku a gida, to kusan duk kayan kiɗan yaran nan sun ratsa ta hannuna, wasu na saya, wasu tsaraba aka kawo, wasu ni na haɗa da kaina. Amsar da na ba ta a waya gajera ce, Hajiya ta fi kusa da gaskiya amma ba ɗari bisa ɗari ba, shi ya sa na ce bari in zauna in fayyace mata komai dalla dalla don akwai iyaye da yawa da ke wannan lissafin.

Ni abu na farko da nake dubawa a kowane kayan kiɗa shi ne, wa ke yin kiɗan, yaron ko abin? Ki riƙe wannan tambayar da kyau don ita ce ta raba min kayan nan gida biyu. Sannan in duba ko akwai abin da zai ɓalle ya shiga baki, sannan ƙarfin ƙararsa, sai a ƙarshe kwana nawa zai yi a hannun yaron da ke jifa da komai.

Bari mu fara da fiyanon tunda shi ne ya jawo maganar. Ba zan ce ba shi da kyau a ido ba, ranar da aka kawo shi gida yaro kamar ya tashi sama don murna, kuma uba ma yana jin daɗi ya ga ya faranta wa ɗansa. Amma ki zauna ki lura da yadda ɗan wata 20 ke wasa da shi. Yawancinsu akwai wani maɓalli a gefe da in an danna sai waƙa ta fara tashi da kanta daga farko har ƙarshe, cikin minti biyar yaro zai gano wannan maɓallin, daga nan an gama, ba zai sake taɓa fararen maɓallan ba, sai dai ya danna ya ja da baya yana kallon fitila, in ta ƙare ya sake dannawa. Kin ga an mayar da shi ɗan kallo ke nan, yarinyar da da take kiɗa da hannunta biyu yanzu yatsa ɗaya kawai take motsawa. Wani abin kuma, a irin masu arahar nan ko ki danna a hankali ko ki danna da ƙarfi sautin ɗaya ne, alhali babban abin da yaro ke koya a wannan shekarun shi ne in na buga da ƙarfi ƙara ta yi yawa, in na sassauta ta yi ƙasa, wato hannunsa da kunnensa su fara fahimtar juna. Fiyanon roba ba ya ba shi wannan darasin sam.

Sai maganar batir, kuma nan don Allah a nutsu a karanta. Idan manyan batura ne irin na tocila kuma murfin wurin da sukuru aka ɗaure shi, to da sauƙi, matsalarki kawai sayen batir duk bayan 'yan kwanaki. Amma akwai ƙananan kayan wasa masu waƙa da ke amfani da batir ɗin nan zagayayye mai kama da kwabo ko maɓallin riga, irin na agogo, wannan kam masifa ne a gidan da ke da ƙaramin yaro. Idan yaro ya haɗiye shi ya maƙale a maƙogwaro, cikin awa 2 kacal yana iya ƙona naman wurin har ya huda, kuma da farko ba lallai ki ga wata alama ba sai dai dalalar miyau ko ƙin cin abinci. In hakan ta faru, Allah ya kiyaye, ba a sa yaro amai, ba a jira gari ya waye, asibiti ake nufa kai tsaye a ce musu batir ya haɗiye a yi hoto. Likitoci sun ce in yaron ya haura shekara 1 ana iya ba shi zuma cokalin shayi 2 duk bayan minti 10 a kan hanya, har sau 6, don ta rage ƙunar, amma wanda bai kai shekara ba ba a ba shi zuma ko kaɗan. Ni dai dokata a gida da aji ita ce, duk abin wasan da murfin batir ɗinsa ke buɗuwa da farce ba ya kwana.

Ga kuma ƙara. Da disibel ake auna ƙarfin ƙara, hirar mutum biyu a ɗaki ba ta wuce wajen disibel 60, kuma daga 85 zuwa sama in aka daɗe ana ji kunne na fara lalacewa a hankali, lalacewar da ba ta gyaruwa. Hannun yaro gajere ne, abin da ke gare ki yana nesa shi a gefen kunnensa yake, balle ma su da suke ɗauka su kara a kunne kamar waya. Gwajin da nake yi a gaban mai shago shi ne in kunna in kara a kunnena, in na ji ya dame ni to ya fi ƙarfin yaro. Idan an riga an saya, ki manna salatif biyu ko uku a kan ramukan lasifikar, yana rage ƙarar sosai.

To yaushe fiyano ke da amfani? Daga shekara 4 zuwa 5, lokacin da yatsu suka fara rabuwa da juna, kuma a lokacin ma gara a tara kuɗin a sayi ɗan madaidaici na gaske wanda sautinsa ke daidai, maimakon na roba uku da za su mutu ɗaya bayan ɗaya. Araha ba ta ado, a nan kam na gani da idona.

Yanzu ƙwaryar Hajiya. Wallahi duk cikin abin da na gwada ban ga wanda ya kai ta riƙe hankalin yaro ba, kuma dalilin a fili yake, ƙwarya tana amsa duk abin da aka yi mata. Ki kife ta a kan ninkakken zani ko matashi, in ya buga da tafin hannu a tsakiya sauti ya fito da kauri, in ya ƙwanƙwasa gefe da yatsu ya fito siriri, in ya sa ludayi daban, muciya daban, cokalin ƙarfe daban. Ki ajiye masa uku, masaki da madaidaiciya da ɗan ƙoƙo, ya samu babba da tsakiya da ƙarami ke nan, zai yi ta zagaya su yana saurare. Na ga ɗan shekara biyu ya yi kusan rabin awa a kan wannan, wanda duk mai ƙaramin yaro ta san ba ƙaramin abu ba ne. Kuma kar wani ya raina ta don ta kicin ce, da ƙwarya mata suke kiɗan amada a cikin gida tun kaka da kakanni, da ita marigayiya Barmani Choge ta Funtuwa ta yi sunan da har yau ba a manta ba.

Amma inda na ce ban bi Hajiya ɗari bisa ɗari ba shi ne, ƙwarya ma tana da nata haɗarin da manya ba su cika faɗa ba. Na ɗaya ruwa. Asalin kiɗan ƙwarya mai daɗin nan ai a kan ruwa ake kife ta cikin babban masaki ko baho, sautin ya riƙa fitowa dum dum har cikin ƙirji, yara suna mutuwar sonsa, to amma kan ƙaramin yaro yana da nauyi sosai in aka kwatanta da jikinsa, in ya leƙa ya kifa ruwan da bai kai tsawon yatsa ba ya isa ya halaka shi, kuma shiru abin ke faruwa babu ihu. Idan za a yi na ruwa to kina zaune a wurin hannunki na kai wa gare shi, kina tashi ki zubar da ruwan, ko da ɗauko waya za ki yi a ɗaki. Na biyu, ƙwarya tana fashewa, kuma sakainar tana da kaifi, da kin ga ta tsage ki ɗauke, kar ki ce za a ɗinke a ba shi. Na uku, sabuwar ƙwarya tana da ɗaci da ƙura a ciki, sai an jiƙa ta an kankare an shanya kafin ta shiga hannun mai lasar komai. Wajen saye ki zaɓi mai kauri wadda in kin ƙwanƙwasa za ki ji ta tauri, a Kano in kin shiga kasuwar Kurmi ko kowace kasuwar ƙauye ranar cinta za ki samu kala kala, kuma ki ɗauki farar da ba a shafa wa komai ba, ki bar masu fenti da ƙyalli ɗin nan na jeren amarya, su don ado aka yi su.

Maganar fenti ta tuna min, ba a ƙwarya kaɗai ba, duk wani kayan wasa na katako ko ƙarfe mai launi da kika ga fentin na ɓarewa ko yana zuba a hannu ki bar shi a shagon. Akwai fentin da ake haɗawa da dalma, kuma mu nan arewa ba sai an ba mu labarin gubar dalma ba, a 2010 yara sama da 400 suka rasu a ƙauyukan Zamfara sanadinta, duk da cewa can daga dutsen zinare da ake niƙawa a gidaje ta fito. Ko 'yar kaɗan ce ta riƙa shiga jikin yaro tana taɓa ƙwaƙwalwa, kuma ɗan shekara biyu da baki yake fara gaisawa da kowane sabon abu.

Shantu fa? Ina son shantu, amma gaskiya ya fi dacewa ya zama a hannunki ke uwar, kina buga shi a cinya kina taɓa shi da zobe kina rera mata waƙa ita kuma tana rawa. A hannun yaro doguwar sanda ce kawai, zai ɗaga ya maka a ƙasa ya fashe ko ya maka wa ƙaninsa.

Sai kacau-kacau, wanda ni a ganina shi ne na fari ga duk yaron da bai kai wata 18 ba, tun kafin ya iya saita bugu ya iya girgizawa. Akwai na kanti na roba masu kama da ƙwai ko masu mariƙi, akwai kuma na haɗin gida. Na kantin in mai kyau ne ya fi tsafta don ana wanke shi, abin dubawa kawai shi ne wurin da aka haɗa ɓari biyun, ki matsa da ƙarfi ki murɗa, in kin ji yana motsi to wata rana zai buɗe 'ya'yan cikin su watse. Na gida kuwa ki samu ƙananan robobin ruwa ko na lemo guda uku, ki wanke su bushe sarai, ɗaya ki zuba gero, ɗaya shinkafa, ɗaya yashi mai laushi, kar ki cika, kashi ɗaya cikin uku ya isa, sannan ki sa gam a murfin ki ɗaure ki naɗe da salatif. Na san mutane sun fi son zuba wake ko tsakuwa ko gyaɗa don sun fi ƙara, ni ban yarda ba, ranar da murfin ya kwance waken nan a hanci ko kunne ko maƙogwaro za a same shi, gero kuwa in ya zube shara ce kawai. Abin da ya sa na haɗin gida ya fi min ma shi ne robar fara ce, yaro na ganin abin da ke motsi a ciki yana haɗa shi da sautin da yake ji. Akwai kuma na ɗaurawa a ƙafa mai 'yan ƙararrawa, yana sa yaro son taka rawa sosai, amma ƙararrawar ƙanana ne, sai kin tabbata ɗinkin ya kama kuma ki cire in an gama.

Ga wani ma'auni da zai taimake ki a duk kayan wasa ba na kiɗa kaɗai ba. A Turai da Amurka ana gwada kayan 'yan ƙasa da shekara 3 da wani ɗan bututu mai faɗin santimita 3.17, duk abin da ya shige ciki gaba ɗaya an ɗauke shi abin shaƙewa. Ke a gida kwalin tsakiyar tishu ya ishe ki, abin da ya wuce ta cikinsa ba na ƙaramin yaro ba ne. Kuma in kin ga kwali da jan da'ira an zana fuskar jariri an rubuta 0-3 an ja layi a kai, ma'anarsa kar a ba wanda bai kai 3 ba, ba ado ba ne, mutane da yawa suna ɗauka cewa aka yi na 'yan 0 zuwa 3 ne, alhali akasin haka ake nufi.

Idan dai Abbanta ya nace sai ya kashe kuɗi a shago, kuma ina ganin hakkinsa ne ya ji daɗin saya wa 'yarsa abu, to ni abin da zan nuna masa shi ne zailofon, wato ƙananan farantan ƙarfe ko katako masu launi launi da aka jera daga dogo zuwa gajere ana bugawa da 'yar sanda. Shi ne ya haɗa abin da ƙwarya ke da shi da abin da fiyano ke taƙama da shi, yaro ne ke bugawa da ƙarfinsa, ba batir, ba fitila, kuma ga hawa da saukar murya, dogon faranti murya ƙasa, gajere murya sama, ido na gani kunne na ji. Daga shekara 2 ya dace. Sai dai a kula da abu biyu. Kan sandar, ɗan dunƙulen nan, in manna shi aka yi zai cire kuma daidai maƙogwaro yake, a nemi wadda aka yi ta guda ɗaya da sandar, in kuma an ɗaure sandar da doguwar igiya a yanke. Na biyu kuma a buga su ɗaya bayan ɗaya tun a shago, masu arahar da yawa sautinsu a karkace yake, za ki ji biyu na kusa da juna kusan murya ɗaya ko ɗaya ya yi tsalle, irin wannan ba abin da zai koya wa kunnen yaro sai kuskure.

Akwai wata dabara da malaman kiɗan yara ke yi wadda ta zo daga tsarin wani Bajamushe Carl Orff, kuma na gwada ta yi min aiki. Yawancin zailofon na yara faranti 8 ne, in irin wanda ake iya cire farantan ne ki cire na 4 da na 7, abin da ya rage sauti biyar ne da maimaicin na farko, kuma a wannan jerin duk yadda yaro ya buga ba ya yin karo, komai na fitowa da daɗi. Abin da ya ƙara burge ni shi ne yawancin waƙoƙinmu na gargajiya, na gaɗa da na raino, a kan sauti biyar ɗin suke tafiya, shi ya sa in kika ɗan lalubo za ki ji waƙar da kakarki ta yi miki tana fitowa daga abin da aka ƙera a wata ƙasa. In ba a cirewa, ki manna ɗan ƙyalle a kan waɗannan biyun.

Ganga kuma kala biyu ce a gabanmu, ta roba ta kanti da ta fata ta masu sana'a. Ta roba ba ta damu da yanayi ba kuma ana goge ta, amma sautinta kamar bugun bokiti ne, to in haka ne ai bokitin na nan a gida kyauta. 'Yar ƙaramar gangar fata ta fi ta daɗin sauti nesa ba kusa ba, sai dai tana son kulawa, da damina fatar na saki sai an ɗan shanya ta, da hunturu kuma in ta bushe da yawa tana iya tsagewa, kuma a duba ko da ƙusoshi aka kama fatar don suna fitowa. Ɗan ƙaramin kalangu da ake sayarwa na tsaraba kuwa ki bari sai ya kai 4 ko 5, daɗin kalangu ai a matsa tsirkiyoyin nan a hammata yake, a sassauta a matse har ya riƙa bin hawa da saukar maganar Hausa kamar mutum na magana, ɗan shekara biyu ba shi da wannan ƙarfin, abin da zai yi kawai shi ne ya ja igiyoyin ya sa a wuya ko ya tsone ido da lanƙwasasshiyar sandar. Wanda ya fi duka dacewa a dangin ganga shi ne ɗan ƙaramin bandiri mara ƙarafa a gefe, ba nauyi, ba sanda, hannu kawai, yaro na iya riƙewa yana tafiya yana bugawa.

Nan ma ya kamata in taɓo abin da na san yana ran iyaye da yawa ko ba su faɗa ba. Akwai gidajen da ba sa son kayan kiɗa saboda addini, malamai sun yi saɓani a kai kuma kowane gida da fatawar da yake bi, ba zan ce wa kowa ya bar abin da ya gamsu da shi ba. Abin da aka fi samun sauƙi a kansa shi ne duffu, wato dangin bandirin nan, don ya zo a hadisi an buga shi a biki da ranar idi, kuma a Kano kowa ya san yadda 'yan Ƙadiriyya ke zikiri da bandiri. In gidanku ma ko wannan ba a yi, yaron bai yi asara ba, tafi na nan, murya na nan, ƙasidu da waƙoƙin islamiyya na haruffa da ƙirga na nan. Sai kuma masu tsoron kar yaro ya tashi maroƙi, na sha jin wannan daga bakin kakanni. Yaron da ke buga ƙwarya yana shekara biyu ba sana'a ya zaɓa ba, hannu yake motsawa, sauraro yake koya, jiran juyi yake koya in kuna yi tare, ni bugu biyu kai bugu biyu, kuma a aji na lura yaran da ake yi wa waƙa a gida bakinsu ya fi saurin buɗewa da kalmomi. Mu ma ai duk mun yi gwangwanin tashe daga goma ga azumi, mun yi gaɗa a dandali, mun tashi muna jin luguden iyayenmu mata a turmi, cikinmu nawa ne suka zama makaɗa.

Kayan busa ba zan daɗe a kansu ba. Usur a'a, ƙararsa ta yi yawa, akwai ɗan ƙwallo a ciki, kuma a gidan haya sai kin ɓata da maƙwabta. Sarewar roba tana buƙatar yatsu su toshe ramuka, sai shekara 5 zuwa 6, kafin nan ƙara ɗaya mai tsini kawai zai riƙa fitarwa, ga haɗarin gudu da ita a baki. Hamonika, ɗan abin busan nan mai jerin ramuka da ake karawa a baki, ita ce kaɗai zan iya cewa to daga shekara 3, don ko ya hura ko ya zuƙa tana ba da sauti mai daɗi, amma kowane yaro da tasa, abin baki ne, in ana karɓa karɓa mura da tari za su zagaye gidan.

Masu tsirkiya ma haka, 'yar jitar roba da ake sayarwa yawanci ba ta ɗauruwa daidai kuma wayar in ta tsinke tana yanka. In ya girma ya nuna yana so, a lokacin sai a duba, kuma ko a nan ba tsada ce magana ba, kuntigin da marigayi Dan Maraya Jos ya zaga duniya da shi ai ɗan gwangwani ne da fata da tsirkiya ɗaya.

Saura waya, don na san wata za ta ce ai akwai manhajar fiyano da ganga kyauta me zai sa in sayi wani abu. Gilashi ne fa yake shafawa, ba nauyi, ba girgiza a tafin hannu, ga talla na faɗowa, ga rigimar ƙwace wayar in an gama. Hukumar Lafiya ta Duniya a ƙa'idojin da ta fitar a 2019 ta ce ɗan ƙasa da shekara 2 kar a zaunar da shi gaban allo, daga 2 zuwa 4 kuma kar ya wuce awa 1 a yini, in ya gaza haka ya fi. In kina so ki yi amfani da waya, ki kunna sautin ki kife ta a kan firij ku yi rawa tare.

To ga yadda na tsara wa ƙanwata. Yanzu da take wata 20, ƙwarya biyu da ludayi da robobin kacau-kacau, kuɗin duka bai kai na batiran da fiyano zai ci ba. In ta cika 2 Abbanta ya sayo zailofon mai kyau guda ɗaya, ya je da kansa ya buga ya saurara kafin ya biya. Wajen 3 a ƙara ɗan bandiri ko 'yar gangar fata. Fiyano a ajiye maganarsa sai ta shiga 4 ko 5 in har lokacin sha'awar na nan. Kuma kar a zube mata duka lokaci ɗaya, biyu a waje sauran a cikin kwali a saman kwaba, bayan sati biyu a sauya, za ki ga ta tarbe su kamar sababbi. A sa wa kiɗan lokaci kuma, misali bayan la'asar a tsakar gida, ba lokacin sallah ba, ba lokacin da jariri ko maƙwabci ke barci ba, yara suna saurin gane wannan in aka dage kwana kaɗan.

Abu ɗaya da na roƙe ta shi ne ta riƙa zama da yarinyar ko minti 10 ne, kuma kar ta gyara mata bugu, ɗan shekara biyu bai isa riƙe kiɗa daidai ba, wannan sai wajen 4 zuwa 5 yake zuwa. Ta bari yarinyar ta fara bugawa ita ta kwaikwaye ta, in ta buga uku ta buga uku, in ta tsaya ta tsaya, ta riƙa sa sunanta a cikin waƙar.

Jiya ta turo min bidiyo, Hajiya ce zaune a kan tabarma ta kife masaki a kan tsohon zani tana bugawa da zobenta, yarinyar na gefe da robar gero a kowane hannu tana juyi har ɗankwalin da aka ɗaura mata ya faɗi, Abban kuma ina jin muryarsa daga baya yana tambaya a wane layi ne a kasuwar Sabon Gari zai samu mai faranti takwas ɗin.